Itatuwa masu ƙamshi don tsakar gidanmu: yadda aikin ke tafiya

14 ga Janairu, 2024

Magina sun kwashe kayansu, an gama shafen katanga, abin da ya rage a tsakar gida sai jar ƙasa da ɓaraguzan bulo. Fulotin ƙafa 50 ne da 100 a bayan unguwar Ɗan Magaji a Zariya, gini ya cinye fiye da rabi. Filin da ya saura bai wuce mita 9 da 7 ba, sai wani lungu a bayan kicin da ɗan sarari a ƙofar gida. Kusan duk wanda ya shigo shawararsa ɗaya ce, a malale da siminti a huta da ƙura. Ban yarda ba. Wanda ya taɓa kwana a gidan da aka malale cikin watan Afrilu ya san yadda daɓen ke riƙe zafin rana, yana amayo shi har tsakar dare.

Itatuwa nake so, ba masu yawa ba, waɗanda za su yi fure mai ƙamshi daga ƙarshen hunturu zuwa saukar ruwa. A tsakanin nan ne ɗaki ke gagarar zama, kowa ya jawo tabarma waje, to a lokacin ne ƙamshin zai yi amfani. Sharuɗɗan da na gindaya wa kaina su ne kada saiwa ta taɓa katanga ko ramin sokawe, itacen ya iya rayuwa da abin da rijiyarmu ke bayarwa a watan Maris, kuma kada ya zama abin fargaba ga yara.

Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 ko ɗan fiye a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba, Agusta ya fi kowane wata. Daga nan sai kusan wata shida babu ɗigo. Abin da ba a cika lura da shi ba, da yawa daga itatuwan dajinmu cikin wannan fari suke fure, wasu ma sai sun zubar da ganye tas. Tunda dashe sai damina ta kankama, ina da rani guda a hannu. Ba zan sayi ko leda ɗaya ba sai na je na tsaya a gindin babbar bishiyar irinta tana cikin fure, na shaƙa da hancina, kuma daidai lokacin da muke zama a waje, daga la'asar zuwa bayan isha'i.

28 ga Janairu

Babbar 'yata ta kawo min waya cike da hotunan ceri na Japan da lailak na Turai. "Baba, irin waɗannan za mu sa." Sun yi kyau ƙwarai, na kuma ji daɗi da ta sa kanta cikin aikin, shi ya sa na zaunar da ita na yi mata bayani dalla-dalla. Waɗannan itatuwa sai sun sha sanyi na makonni da yawa, ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salsiyas, kafin idon furensu ya buɗe. Hunturunmu, duk rawar ɗarin da muke yi da asuba, yawanci tsakanin 12 da 15 yake tsayawa, da rana kuma ya haura kusa da 30. Ko sun rayu ganye kawai za su yi, bazara ta zo ta ƙone su.

A unguwa yanzu mangwaro ne ke huda. Ƙamshinsa mai nauyi ne, da rana tsaka har yakan hau kai, ƙudaje da ƙudan zuma sun yi masa caa. Ban ƙi shi ba, amma babban mangwaro zai rufe tsakar gidan gaba ɗaya, ba abin da zai yi kirki a ƙarƙashinsa. Rimi, adon Zazzau, wanda har unguwanni suka ci sunansa irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko, shi ma cikin sanyin nan yake fure. Da dare yake buɗewa, jemagu yake kira, warinsa mai tsami ne. Ko da yana ƙamshi ma, rimi ba itacen fuloti ba ne.

11 ga Fabrairu

Na je gaida Kawu a ƙauyensu kusa da Maigana, ta hanyar Soba, muka zaga gona da yamma. Ɗorawa ta fara sako tutu, wato furenta, jajaye suna reto. Kaɗanya ta yi fari da fure, tun daga nesa ana jin kukan ƙudan zuma a kanta, ƙamshin mai zaƙi ne marar hayaniya. Da gona ce a bayan gidana, da kaɗanya zan fara sawa. Sai dai takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara haihuwa, doguwar saiwarta kuma ba ta son dashe.

Sansami ne ya tsayar da ni. A bakin wani kwari yake, babu ganye ko ɗaya a jikinsa, sai fure ruwan hoda tun daga ƙasan rassa har ƙoli. Na ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda suka zubo na duba: siffar mazurari gare shi, bakinsa a tattare, da jajayen zane suna gangarawa ciki. Ƙamshin ba mai ƙarfi ba ne, sai iska ta kaɗo ake jinsa sosai.

Na ce, "Kawu, wannan zai yi a gida?"

Ya ce, "A gida? Ɗan sarkin itatuwa ke nan, mu a daji muka san shi. Ko icensa ba ma sawa a murhu, tun iyaye suna cewa hayaƙinsa na juya kai. Amma in kallo kake so da 'yar inuwa, ban ga laifi ba. Kada ka wahalar da kanka da iri, duba nan." Ya nuna min 'yan tsirrai da suka ɓullo daga saiwar uwar, taku kaɗan daga gindi, ya ce in ruwa ya zauna zai sa a yanko min ɗaya da guntun saiwarsa.

Sansami yakan kai mita 10, saboda haka ƙofar gida zai tsaya, ba ciki ba.

3 ga Maris

Na zaga wajen masu sayar da fulawa, na bakin titi ta wajen Samaru da na Sabon Gari. Kayan kusan iri ɗaya ne ko'ina: mangwaro mai aure, lemo, gwaiba, kashu, malaina, turare, da fulawowin kwalliya. Ban ga sansami ko gauɗe ko sanya a leda ba. Wani dattijo cikinsu ya faɗa min gaskiya: "Malam, wa zai zaro kuɗi ya sayi abin da yake gani a daji? Mu abin da ake tambaya muke reno." Maganar ta tsaya min a rai, domin dajin da ake gani ɗin ƙarewa yake yi. Masu gawayi na sara, gonaki na faɗaɗa, sababbin fulotai na cin abin da ya rage.

Abu uku ya tallata min. Na farko filamboyan, wadda ke yin ja wur a tsofaffin gidajen ma'aikata da makarantu cikin Afrilu da Mayu. Asalinta daga Madagaska ne. Kyau dai ba a magana, amma ba ta da wani ƙamshi, saiwarta kuma a saman ƙasa take gudu, tana ɗaga daɓe tana tsaga katanga. Na wuce ta.

Na biyu wadda suke kira sarauniyar dare, 'yar asalin tsakiyar nahiyar Amurka da tsibiran Karibiyan. Ba bishiya ba ce sosai, kurmi take yi. Ƙamshinta na san shi, yana da ƙarfin da zai cika layi guda. Mutane na gudunta wai tana kiran maciji. Ni a ganina ba ƙamshin ke kawo shi ba, duhuwar gindinta ce, da ƙwarin da ke taruwa, da kwaɗi da ƙadangarun da ke bin ƙwarin. Dalilina na ƙin ta daban ne. Ƙaramin ɗana na da asma, kaifin ƙamshinta kan tayar wa masu ita, 'ya'yanta kuma guba ne ga yaron da ya kai baki. A fili mai faɗi, nesa da taga, ba laifi. A mita 9 da 7 ba ta da wuri.

Na uku furanjifani, mai kaurin rassa da farin fure mai rawayan ciki. Ita ma daga wajen Meziko da Karibiyan ta fito, amma ta zauna da ƙasarmu daram domin tana ajiye ruwa a rassanta. Da yamma ƙamshinta ke ƙaruwa. Ba ta girma da yawa, saiwarta ba ta ɓarna. Aibinta farin ƙaron da ke zuba in an karya reshe, yana ƙaiƙayi, in ya shiga ido kuma akwai wahala. Wannan ana iya koya wa yara. Ta shiga lissafi, amma ba sai na saya ba, reshe ake yankowa.

19 ga Maris

Muna cikin azumi, zafin bana kuma ya kai inda ya kai. Da muka fito daga tarawihi iska ta kaɗo wani ƙamshi mai sanyi, irin na zuma, na bi shi har gindin darbejiyar da ke bakin masallaci. Furen ƙanana ne farare, da rana ba mai ɗaga kai ya dube su. Itacen da muka raina saboda yawansa yana cikin mafiya daɗin ƙamshi a garin nan, kuma daidai lokacin da ake bukata yake yi.

Darbejiya baƙuwa ce, daga Indiya. A 1928 aka fara kafa ta a Borno, daga can ta bazu Arewa. Ba ta neman ban ruwa in ta kama, gara ba ta cika damunta ba. Amma saiwarta na tafiya nesa neman laima, ramin sokawe kuwa shi ne laimar da ta fi kusa. Akwai guda a tsallaken layinmu, iska na kawo mana rabonmu kyauta. Ba zan dasa tawa ba. Maɗaci ma haka, furensa na ƙamshi a wannan wata, amma itacen bakin titi ne.

14 ga Afrilu

Bayan Sallah na koma wajen Kawu, gauɗe ya kai ni. Duk wanda ya yi kiwo yana yaro ya san 'ya'yansa, rawaya masu ɗan zaƙi da ake gwaguya a daji. Furensa ne ba a cika zancensa ba.

Mun same shi a wata saura mai tsakuwa, inda ko dawa ba ta yi. Gajere ne, bai fi tsayin mutum da rabi ba, rassansa gajeru masu tauri a karkace, ɓawonsa sumul. Furen ɗaya-ɗaya yake fitowa a ƙarshen reshe, da dogon wuya siriri, sannan ya baje fari sol, faɗinsa ya kusa tafin hannun yaro. Sababbin farare ne, na jiya sun koma ruwan ƙwai, sai ka ga itace guda ɗauke da launi biyu. Rana na yin sanyi ƙamshin ya taso. Na darbejiya iska ke yawo da shi, wannan kuwa tsayawa yake yi a wurin, mai kauri, mai sanyi, ba ya hawa kai. A cikin duk abin da na shaƙa tun Janairu babu kamarsa.

Ɗan'uwansa ne gardeniyar da ake sayarwa a tukwane a manyan birane, wadda asalinta ƙasar Sin ne. Waccan tana son ƙasa mai tsami da iska mai laima, hunturu guda kan kakkaɓe ta. Namu a kan marmara ya tashi, ya saba da fari, ya saba da gobarar daji. Ina ganin rashin adalci ne a ce ana wahala da na waje, wannan yana nan ba wanda ya taɓa sa shi a leda.

Kawu ya ja min kunne: "Ka bambance shi da gauɗen kura. Furensu na kama, amma na kura 'ya'yansa toka-toka ne masu tauri, ba a ci." Ya kuma hana ni tono ƙarami, ya ce saiwar ta fi abin da ake gani a sama tsawo, in ta tsinke shi ke nan. Yaransa suka samo min nunannun 'ya'ya da suka saura a jiki. Na fasa, na wanke irin, na shanya a inuwa.

A hanyar dawowa ya nuna min sanya, uwar magunguna, tana cikin fure shuɗi mai ja-ja, ƙamshinta har bakin hanya. Gefen gindinta duk ramuka ne, masu magani sun tone saiwar, wurin na tashin warin man zafi. Ya ce da tana da yawa a wajen, yanzu sai an nema. Saiwarta magani ce a hannun wanda ya sani, guba ce in an zarce. Ba ta yarda da dashe ko kaɗan, irinta ma da ƙyar yake tsira. Na tsinci busasshen iri mai fiffike, zan shuka shi kai tsaye inda zai zauna, in Allah ya sa ya fito to.

28 ga Afrilu

Iya ta zo daga cikin birni ta kwana biyu. Da ta ji abin da nake ciki sai ta ce, "Yanzu duk zirga-zirgar nan don ƙamshi? Itacen da ba a ci, ba a sha, ba a magani da shi, me ya yi a gidan mutum?" Na ce mata ai lemo yana ciki, da zogale, dukkansu furensu na ƙamshi. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "To ina lalle?"

Ta ce a gidan da ta tashi akwai lalle a bayan ɗakin kakarsu, an bar shi ya zama bishiya har ya wuce katanga, in ya yi fure da bazara har zaure ake ji. "Ku yanzu ba ku san furensa ba, don ba a bari ya yi. Da ya toho an zage ganyen." Gaskiyarta. A ƙarshen rassa lalle ke fure, gungu-gungu, ƙanana farare, to wanda ake datsewa kullum ba zai taɓa yi ba. In an ƙyale shi yakan kai mita 5 zuwa 6. A Indiya har turare ake tatsa daga furen. Yana son zafi, yana jure fari, reshe ake sokawa ya kama. Tsohonsa kan yi 'yar ƙaya a ƙarshen rassa, wannan kaɗai ne abin lura.

Da wannan zaɓe ya kammala. Lemun zaƙi guda a tsakar gida, domin furensa ya fi na lemun tsami ƙamshi, ƙayarsa kuma ba ta kai ta wancan ba. Lemun tsami da zogale a lungun kicin. Lalle a jere jikin katanga, na mata su zage, guda ɗaya a bar shi ya tashi. Furanjifani a kusurwa. Gauɗe kusa da inda ake shimfiɗa tabarma, tunda shi ƙamshinsa ba ya tafiya. Sansami da gwajin sanya a ƙofar gida.

Wajen raba musu wuri iska na bi. Da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, amma in bazara ta yi nisa sai ta juya ta fara zuwa daga kudu maso yamma. Furanjifani da babban lallen ta wannan ɓangaren za su tsaya, iskar yamma ta bi ta kansu kafin ta iso mu.

Na karɓo rassan furanjifani daga gidan wani abokin aiki, tsawon kamu biyu-biyu, na jingine su a inuwa. Sai bakin yankan ya bushe, mako ɗaya zuwa biyu, kafin a sa a ƙasa. Ɗanye ruɓewa yake yi.

19 ga Mayu

Haƙar ramuka. Maƙwabcina dattijo ne da ya yi ritaya daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, shi ya tsaya a kan aikin. Kowane rami santimita 60 faɗi, 60 zurfi, ƙasar sama gefe ɗaya, ta ƙasa gefe ɗaya. Daidai gwiwa muka ci karo da marmara, shebur ya ƙi shiga sai da aka kawo diga. Ya ce lallai a fasa ta, in ba haka ba ramin zai riƙe ruwa a Agusta saiwa ta shaƙe. Muka cika kowanne da ruwa aka bar shi ya kwana. Wanda aka tarar da ruwa a ciki da safe aka ƙara fasa shi.

Ya sa an tsince ɓaraguzan siminti kaf, aka fitar a baro. Ya ce siminti na kashe tsamin ƙasa, lemo da gauɗe kuma in ƙasa ta yi haka ba sa iya jan sinadarin ƙarfe, sai ka ga sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa kore, mutum ya yi ta zuba taki a banza. Takin da muka cuɗa da ƙasar sama tsohon kashin shanu ne da ya ruɓe ya yi baƙi. Sabo yana ƙona saiwa, yana kuma gayyato gara.

Irin gauɗe na cikin ledoji a inuwar katanga tun farkon wata. Shiru tukuna.

30 ga Yuni

Na bari aka yi layya, don ragon da ke ɗaure a tsakar gida ba zai bar ganye ba. Yanzu ruwa ya zauna, ƙasa ta jiƙu har ciki, jiya da yamma muka yi dashe.

Lemon wajen dattijon nan mai fulawa na saya. Masu aure na zaɓa, na duba gaɓar auren da idona, na kuma sa ya yaga ledar na ga saiwar ba ta nannaɗe a gindi ba. Mai aure yakan fara haihuwa sosai a shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo sai ya kai 7 ko fiye, kuma ba ka da tabbacin abin da zai haifa. Gaɓar auren mun bar ta kamu guda sama da ƙasa. In aka binne ta, ko aka bar ruwa na kwanciya jikin gindi, ciwon da ke sa ɓawo ya tsage yana zubar da ƙaro ke kama shi, shi ne ajalin yawancin lemon gida. Saboda haka kwarin ban ruwan zobe muka yi masa, gindin na kan ɗan tudu.

Lallen daga gidan ƙanwar Iya a Tudun Wada aka yanko. Sansami ya iso a buhu da ƙasarsa, Kawu ya cika alkawari. Mun kewaye shi da ragar waya saboda awakin unguwa. Gauɗe ya fara tsira, 'yan ganye bibbiyu masu sheƙi. Bana a leda zai zauna.

18 ga Agusta

Ruwa ba ƙaƙƙautawa. Kusurwar furanjifani ta fi ko'ina ƙasa, reshe ɗaya ya yi laushi daga gindi ya tafi. Na yanka 'yar magudana zuwa rariya, na ɗaga wa sauran ƙasa da yashi, sun tsaya.

A ganyen lemo na tarar da wasu tsutsotsi, ƙananan baƙi da fari kamar kashin tsuntsu, manyan kore shar. 'Ya'yan babban malam-buɗe-littafin nan ne mai baƙi da ɗigon rawaya. A ɗan dashe suna iya cinye sabon toho cikin kwana kaɗan. Ba sai an yi feshi ba, da hannu muke tsincewa da safe, yara sun karɓi aikin. Duk tohon da ya fito ƙasa da gaɓar aure ina murje shi, domin na uwar gindin ne, in aka bar shi zai rinjayi na sama.

Zogale ya wuce kaina. Sanya ba ta fito ba.

17 ga Nuwamba

Ruwa ya ɗauke, yanzu aikin ya fara. Gara ta yi wa sansami rufin ƙasa har kamu biyu a jiki. Na kankare, na janye busasshiyar ciyawar da na lulluɓe gindin da ita ta koma tafin hannu guda daga jikin itacen, na barbaɗa toka da dakakken ganyen darbejiya. Itacen da ƙishi ya kama shi gara ta fi bi, don haka maganin farko ruwa ne.

Dabarar maƙwabcina muka bi: tulun ƙasa marar fenti a binne gefen kowane lemo har wuya, a cika shi, a rufe bakin. Ruwan na tsattsafowa a hankali daidai inda saiwa take, rana ba ta shanye shi. Ruwan alwala da na ɗaurayar kwanuka marar sabulu yana tafiya gindin lalle. Furanjifani ba ta samun komai sai jefi-jefi. Da sanyi barci take yi, yawan ruwa cutar ta yake.

Zogale ya yi fure, yana da ɗan ƙamshi mai daɗi in an matso. Shi ne na farko a gidan.

9 ga Fabrairu, 2025

Hunturu ya kakkaɓe furanjifani da sansami, sanduna kawai suke. Na kankare ɓawon sansamin da farce, kore ne a ciki. Bai kai fure ba, sai nan da wasu shekaru. Rijiya ta ja baya, mun fara haɗawa da 'yan garuwa saboda lemo.

Wani ya ba ni shawarar in hana lemo ruwa na wasu makonni sannan in kwarara masa, wai zai yi fure. Dabarar gaskiya ce, haka masu lambu ke yi, haka ma ruwan farko ke sa lemo fure bayan rani. Amma ta babban itace ce mai zurfin saiwa, ba ta ɗan dashen bara ba.

23 ga Maris

Furanjifani ta buɗe. Reshen daga tsohuwar bishiya ya fito, shi ya sa bai jira shekaru ba. Gungu guda ne a kan sanda ba ganye, amma bayan shan ruwa, in iska ta motsa daga kusurwar, ana jinsa a kan tabarma. Lissafin iskar ya yi daidai. Da dare na haska fitila na ga wani babban malam-buɗe-littafin dare mai dogon baki yana bin furen ɗaya bayan ɗaya. Furen furanjifani ba shi da ruwan zuma, ƙamshin kawai ke jawo su, suna nema suna kai masa garin haihuwa daga wannan zuwa wancan.

Lemun tsami ya fitar da 'yan furanni. Na bari muka shaƙa, da suka fara ɗaura 'ya'ya na cire, ƙarfinsa ya tafi ga rassa tukuna.

20 ga Afrilu

Lallen da aka ƙyale ya kai kafaɗata, ya kuma yi furen farko a rassa na sama. Na aika aka ɗauko Iya. Ta kama reshen ta sunsuna, ta ce shi ne, amma sai ya ƙara shekara biyu kafin ya kai zaure. Ta sa aka cire ƙananan rassan ƙasa don ya tashi da gindi ɗaya, ta kuma gargaɗi jikokinta mata kada wadda ta taɓa ganyen wannan ko da bikin wa ake yi.

Gauɗe a leda bai wuce kamu guda ba, tafiyarsa a hankali ce. Saiwar wasu ta fara leƙowa ta ƙasan leda, na ɗaga su kan bulo kada su kama ƙasa. Guda biyu mafiya ƙarfi za su shiga raminsu a ƙarshen Yuni. Sauran na yi magana da dattijon mai fulawa, ya yarda zai karɓa ya jera su gaba-gaba, na kuma ce zan kawo masa furen daga Maigana ya riƙa ba masu saye suna sunsunawa. Na aika wa Kawu ya tara min sabon irin sanya in ya bushe a jiki. Wannan karon zan jiƙa shi ya kwana kafin shuka, in kuma cuɗa ramin da yashi, don a ƙasa mai yashi na gan ta a can.